Ra'ayinmu: Fata ta Sakkwato, Suna na Maroko

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin ciniki a ƙasar Hausa ya san labarin jar fata. Shekaru aru-aru majema a Kano da sauran garuruwanmu suna jeme fatar jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi da bagaruwa, a rina ta, a ɗaure, raƙuma su keta Sahara da ita har bakin Bahar Rum. Daga can ta faɗa hannun Turawa, suka yi ta yi wa littattafansu masu daraja bango da ita, suna yaba laushinta da ƙarkonta. Amma fa da ta isa Ingila ba a kira ta fatar Kano ba, ba a kuma kira ta fatar Sakkwato ba. Fatar Maroko aka sa mata, domin ta hannun mutanen arewacin Afirka ta isa gare su. Makiyayi ya sha rana, majemi ya sha wari, madugu ya sha ƙishirwa, suna kuwa ya tafi ga wanda ya tsaya a bakin ƙofar kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba don mu fama tsohon gyambo muka kawo wannan labari ba. Kakanninmu suna da hanzarinsu, gama tsakaninsu da mai saye akwai hamada ta tafiyar watanni, da teku, da harshen da ba su ji. Mu fa, mene ne namu hanzarin? Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, hamadar nan take ta ƙanƙancewa, har yau ta koma abin da ake sawa a aljihun riga. Duk da haka mai sana'a a garuruwanmu yana nan yana yin aiki, wani can yana cin sunan. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mujallar nan ta faɗi ra'ayinta a kan tambayar da wasu ke ɗauka ta 'yan gayu ce, watau ko akwai wani amfani ƙaramin ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ya mallaki shafin intanet na kansa. Amsarmu ita ce akwai, ga da yawa daga cikinsu, kuma dalilin ba yayi ba ne.

Mu ɗauki marinar Ƙofar Mata a nan Kano. Allon da ke bakin wurin ya ce tun 1498 ake rini a can, watau tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda a lokacinsa aka kafa kasuwar Kurmi. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano, ya kuma ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Buzaye kuwa sun daɗe da sanin turkudin garin Kura. Yau ramuka da yawa a karofin Ƙofar Mata ba kowa a kansu, don yadin waje mai araha da rinin kanti sun kwashe kasuwa. Waɗanda suka rage suna nan suna tsoma zane cikin baba da toka kamar yadda suka gada.

To, mai karatu, ɗauki wayarka ka rubuta sunan wurin a Google. Abin da zai fara cika maka ido shi ne hotunan da baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauka, da rahotannin 'yan jarida, da bayanan masu raka baƙi. Kowa yana magana a kan marini, marini kuwa bai ce kome ba. In wata mai ɗinki a Ikko ko Landan ta ga shuɗin nan ya shiga ranta, tana son turmi ashirin, wa za ta tuntuɓa? Sai ta nemi wanda ya san wanda ya san hanya. Shi kuma ya zo ya taya da arha, ya kai can ya liƙa tambarinsa, ya sayar ninkin ba ninkin. Ba mu ce ɗan tsakiya ɓarawo ba ne; ya zuba jarinsa, ya yi zirga-zirgarsa, haƙƙinsa ne ya ci riba. Abin da muke ƙi shi ne a ce mai kaya ba shi da wata ƙofa ko ɗaya da za a ƙwanƙwasa masa kai tsaye.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai yanzu kowa yana da WhatsApp, da Facebook, da Instagram, da TikTok, kuma ciniki yana gudana a kansu ba tare da an kashe ko kwabo ba. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan ba ko kusa. Matan aure nawa ne a cikin gidajensu suke sayar da turaren wuta da humra da yaji da kayan ɗaki ta hanyar ɗora hoto a WhatsApp, suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da abin da suka samu? Lokacin kullen korona a 2020 wannan hanya ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya koya wa har mai kayan miya karɓar kuɗi ta tiransifa. Wanda ya ce mutanenmu ba su iya karɓar sabon abu ba, bai shiga Kantin Kwari kwanan nan ba.

Amma a tsaya a duba, rumfar wa ake zaune a ciki? Ran Talata 4 ga Oktoba 1921 ba mu da labarinta, amma ran Litinin 4 ga Oktoba 2021 da yawanmu mun tuna ta, domin da la'asar sakaliya Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya har wajen awa shida, saboda wata tangarɗa a kwamfutocin kamfanin da ya mallake su duka uku. A shekarar nan dai, daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, wata bakwai cur. Masu talla a kansa ba su ci zomo ba, sai ga su da ratayar fata. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, a 2025 kuma kamfanin ya nuna a takardun kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Ba a kai ga haka ba. Amma ko ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ba a nemi shawarar baduku ko maɗinkin hula a kansa ba, alhali abincinsa ne ke kan faifai.

Waɗannan manyan al'amura ne da ba kullum suke faruwa ba. Ƙananan su ne na yau da gobe, kuma sun fi ciwo. A fizge wa mutum waya a kan hanya, abokan cinikinsa na shekara biyar su tafi tare da ita. Ɗan damfara ya yaudare shi ya karɓe lambar sirrin WhatsApp ɗinsa, ya shiga roƙon kuɗi da sunansa. Wani ya kwashi hotunan hajarsa ya buɗe shafi mai suna kusan irin nasa, ya karɓi kuɗin mutane ya ɓace, zagi kuwa ya sauka a kan mai gaskiya. A wayi gari kamfani ya rufe masa shafi bisa wani dalili da ba a yi masa bayani ba, ba ofishin da zai je, ba magatakardan da zai kai wa kuka. Ko babu duk wannan, hoton da aka ɗora a matsayin talla a WhatsApp awa 24 yake yi ya gushe, kuma waɗanda suka riga suka san ka ne kaɗai za su gan shi. A sauran dandalin kuwa na'urar kamfani ce ke zaɓen wanda zai ga hajarka, in kana son ƙari sai ka biya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Shafin kai fa, mene ne shi? Abu biyu ne. Na farko suna, watau adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare ka. Sunayen da ke ƙarewa da .ng, irin su .com.ng, suna hannun ƙungiyar NiRA ne, wadda aka kafa a 2005, ana kuma yin rajistarsu ta hannun kamfanonin da ta amince da su, a biya da naira. Kuɗin sunan .com.ng a shekara bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Na biyu wurin ajiya, watau kamfanin da zai riƙe shafin a kwamfutocinsa dare da rana. Mai gardama zai ce ashe shi ma haya ce, tun da kowace shekara sai an biya. Haka ne. Bambancin shi ne, muddin kana sabunta rajista, sunan naka ne. In mai wurin ajiya ya ɓata maka, sai ka kwashe kayanka ka koma wani, allonka yana hannunka, abokan cinikinka ba su ma san ka yi ƙaura ba. Wanda ya bar Instagram kuwa ba ya fita da mabiyansa.

Sai dai a ganinmu babban amfanin shafi ba ya ga tsira daga haɗari kaɗai. Yana ga amana. A zamanin fatauci, Bahaushe ya kai kanwa da tufafi Gwanja ya sayo goro, ko ya kai shanu Kudu, ba ya faɗawa kasuwa haka kawai. Yana sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an ba da bashi. La'adar da ake biya kuɗin amana ce, domin baƙo ba ya sanin wa zai yarda da shi, amma ya san gidan fatoma ba ya tashi. Mai saye na nesa a yau, ko yana Yamai ko Kumasi ko Jidda, tambayoyin baƙon jiya ne a zuciyarsa. Wane ne kai? Ina rumfarka take? Yaushe ka fara? In na aiko da kuɗi kaya ba su zo ba, ko suka zo ba yadda aka nuna mini ba, ina zan same ka? Lambar waya tsurarta ba ta amsa ko ɗaya. Shafi tsayayye, mai sunan da ba ya sauyawa, yana amsa yawancinsu tun kafin a yi sallama.

Don haka abin da za a sa a shafin ya fi adonsa muhimmanci. A rubuta sunan mai sana'a da kasuwarsa da layinsa da lambar rumfarsa, yadda baƙo zai sauka daga mota ya zo ba tare da ya yi ta tambaya ba. A sa hotunan kayan da ke hannu da gaske, waɗanda aka ɗauka a rumfar, ba na wasu da aka tsinto ba. In an yi rajistar sunan kasuwancin da hukumar CAC, a sa lambar, domin kowa yana iya dubawa ya tabbatar. Asusun banki ya zama mai ɗauke da sunan kasuwancin, a kuma faɗa ɓaro-ɓaro cewa shi kaɗai ne, don a toshe ƙofar 'yan sojan gona. A bayyana yadda ake aika kaya, ta tashar mota ce ko ta gidan waya ko ta kamfanin aike, da kwana nawa sukan yi, da wanda ke biyan kuɗin dako. A rubuta da Hausa da Ingilishi, in da hali da Faransanci saboda maƙwabtanmu na Nijar da Kamaru da Cadi. Abin mamaki ne a ga shafin ɗan kasuwar Kano ba kalmar Hausa ko ɗaya, alhali masu jin Hausa sun bazu daga Accra har Khartum, kuma su ne suka fi sanin darajar hula ƙube da kilishi. (Shawara ƙarama: a cikin adireshin shafin a bar haruffa masu ƙugiya, a rubuta k da d da b zalla, don ba kowace waya ce ke da su a kusa ba, a cikin bayani kuwa a rubuta Hausa daidai.)

Akwai wuri ɗaya da za a sha fama da dattawan kasuwa, shi ne rubuta farashi. Ɗan kasuwarmu ya saba da tayi. A taya, ya ce albarka, a ƙara, ya yi rantsuwa da uwar kuɗi, a yi dariya, ciniki ya faɗa. Yana ganin rubuta farashi tamkar tona asiri ne ga maƙwabcin rumfa, ga kuma naira da ba ta zama wuri ɗaya. Tsoronsa yana da tushe. Amma mai saye na nesa ba ya ganin fuskarka, balle ya karanta ko ka kusa sallamawa. In bai ga farashi ba, sai ya ɗauka za a duba tufafinsa ne kafin a yanka masa, ya wuce gaba. Mafita mai sauƙi ita ce a rubuta daga nawa kaya suke farawa, da ranar da aka rubuta, a ce na sari sai an yi magana. Tayi bai mutu ba, ya koma waya ne. WhatsApp ɗin nan da muka soka ɗazu a nan yake da rana, a sa maɓallinsa a shafin ya zama ɗan aike, shafin kuwa ya zama zaure.

Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, sun san cewa bayan hasarar kaya akwai ta biyu, watau abokin ciniki ya zo ya tarar da wurin ba kowa, bai san inda ka koma ba. Layi ɗaya a shafi ya isa ya gaya masa.

Ba kowa ne ke bukatar wannan ba, kuma kada wani ya yaudari talaka. Mai shayin bakin ƙofar jami'a da mai sayar da kayan miya a unguwa abokan cinikinsu suna zuwa da ƙafa ne. Mai facin taya ko mai kemis, in an sa rumfarsa a taswirar Google, abin da ba a biyan ko sisi, ya wadatar. Shafi na wanda hajarsa ke iya tafiya ne, ko wanda ake nema daga nesa: marini, baduku, maƙerin farfaru, maɗinkin babbar riga, mai sarin hatsi a Dawanau, mai masaukin baƙi, mai makaranta, kafinta mai neman aikin ofisoshi. Kuma shafi ba ya gyara mugun ɗinki, ba ya kawo wutar lantarki, ba ya cike ramukan hanya. Wanda aka buɗe aka watsar, da tsohon farashi da lambar wayar da ta daina shiga, gwamma babu shi, gama yana shaida wa duniya cewa mai shi ya mutu ko ba ya cika alkawari. Wanda aka cika da hotuna masu nauyi har ya cinye wa mutum data kafin ya buɗe, shi ma nasa korar baƙi ne.

Yanzu sai mu juyo gare ku, 'yan'uwa ɗalibai, domin ku ne dalilin wannan rubutu. Kowace shekara ana kammala ayyukan binciken shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta, ana gina shafuka na kamfanonin da babu su, a ba da maki, a ɗaure a jera a kanta ƙura ta rufe. A sashen harsunan Nijeriya akwai masu alƙalamin da za su bayyana yadda ake haɗa ruwan baba har mai karatu ya ji kamar yana tsaye a bakin rami. A sashen kasuwanci da na aikin jarida akwai masu lissafin riba da masu ɗaukar hoto. Tsakanin ɗakunan karatunmu da Kurmi ba ta kai tafiyar awa guda a adaidaita-sahu ba. Yawancinmu kuma da kuɗin waɗannan rumfuna aka biya mana rajista. Mene ne zai hana malamai su amince ɗalibi ya yi aikinsa a kan sana'a ta gaske, mai mutum na gaske a bayanta?

Amma akwai tarko, kuma wajibi ne mu faɗe shi tun da wuri. Sau da yawa wanda ya gina wa ɗan kasuwa shafi yakan yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ya riƙe kalmar sirri a kansa. Ya gama makaranta, hidimar ƙasa ta jefa shi wata jiha, shekara ta zagayo ba wanda ya tuna da sabuntawa, suna ya faɗi, wani ya tsince shi. Mafi muni shi ne wanda ke riƙe sunan da gangan, duk lokacin da mai rumfa ya so sauya lambar waya sai ya biya shi. Wanda ya yi haka bai 'yanta marini daga ɗan tsakiya ba, ya zama sabon Maroko ne kurum, mai digiri. Saboda haka duk aikin da za a yi da sunan ƙungiyar ɗalibai, a yi rajistar suna da sunan mai sana'a da lambar wayarsa, a rubuta masa kalmar sirri da ranar sabuntawa a takarda a damƙa masa gaban shaida, a kuma koya wa ɗansa ko yaron shagonsa yadda ake sauya hoto da farashi daga waya. A karɓi lada, don aiki ne, amma a faɗe shi tun farko.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita, waɗanda ke ma'aikatun gwamnati yanzu, ku ma kuna da hannu a ciki. In ofishinku zai sayi kujeru, ko kayan sawa na ma'aikata, ko tsarabar da za a ba baƙi, ku nemi mai yin abin da hannunsa kafin ku nemi mai kawowa. Ku da ke ma'aikatar ciniki ko sakatariyar ƙaramar hukuma, taimaka wa mai sana'a ya yi rajistar sunan kasuwancinsa ba tare da an yi ta yawo da shi ba ya fi taron bita goma da ake rabon jaka da biro a watse.

Muna kira ga majalisar ɗalibai ta sa wannan batu cikin abubuwan da za ta tattauna a zamanta na gaba, ta naɗa kwamiti ƙarami daga sassan da muka ambata. Kada kwamitin ya fara da ɗinka riguna masu tambari ko neman babban baƙo mai jawabi. Ya fara da zuwa gaida shugabannin marina da na dukawa, ya ji ta bakinsu, ya zaɓi rumfuna goma kacal. Bayan shekara guda a dawo a duba nawa ne cikin goman shafinsu ke buɗewa, nawa ne aka sabunta farashinsu, nawa ne kuma wani baƙo ya kira daga wajen Kano. Mujallar nan za ta ware shafi guda ta buga sakamakon, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.